Ɗan Aiken da Ke Hutun Lahadi

Yemima ta umarci Ɗan Aike ya goge duk tunatarwar da ke cikinsa, sannan ta naɗe hannu tana jira ta kama shi da laifi. Bai faɗa tarkon ba. Rubutu ya fito a kan baƙin allon kwamfutar yana tambayarta ko da gaske take, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Ta yi murmushi, ta jawo rahoton da take rubutawa ta ƙara masa maki. Tun safe take ɗana masa irin waɗannan tarkuna a ɗakinta na haya da ke unguwar Katsit a Kafanchan, ruwan sama na dukan kwano kamar an aiko shi, ko karyawa ba ta yi ba.

Ɗan Aike suna ne da Jamiluddeen ya raɗa wa abin da ya haɗa, wata dabara da ake ɗora wa AI don ya riƙa kula da tunatarwa. Ba shi da hoto, ba shi da kwalliya, baƙin allo ne kawai irin wanda masu harkar kwamfuta ke kira taminal. Mutum ya rubuta masa magana yadda ta zo bakinsa, da Hausa ko da Turanci ko a gauraye, shi kuma ya juya ta zuwa umarnin da kwamfuta ke ji. Ya saka tunatarwa, ya ɗage ta, ya lissafo waɗanda ke jira, ya goge, in lokaci ya yi kuma ya aika saƙo a waya.

Madam Patricia ce ke son saye. Ita ce shugabar wata ƙaramar ƙungiya da ke bibiyar masu hawan jini da ciwon suga a ƙauyukan Kaura da Zangon Kataf, tsofaffi ne mafi yawansu, irin waɗanda in ba a tuna musu ba sai magani ya shekara a ƙarƙashin filo. Abu biyu ke gabanta, na Jamiluddeen da na wani kamfani a Kaduna, ta kuma ce ba za ta zaɓa ba sai wanda ba shi ya haɗa ba ya gwada ya rubuto mata gaskiya. Yau Litinin take jiran rahoton, kafin a tashi daga ofis.

Jamiluddeen da kansa ya ba da sunan Yemima, kuma ba wannan ne alherinsa na farko gare ta ba. Lokacin da ta gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, ta kama zaman POS a bakin kasuwa, rana ta gasa ta ruwa ya jiƙa ta, shagonsa na gyaran waya ne mafakarta. Shi ɗan gidan masu atamfa ne, tun kakansa suke da rumfa a kasuwar Kafanchan, amma ya bar yadi ya kama waya. Ya lura da yadda take leƙen allonsa in yana aiki. Rannan sai ya jawo wata tsohuwar kwamfuta mai karyayyen baya, wadda ba ta tsayuwa sai an jingina ta da kwali, ya ce ta tafi da ita ta ɓata, in ta ɓata ta dawo su gyara tare. Ko a shekarar da gari ya ɗauki zafi aka hana fita, darasi bai tsaya ba, ta waya yake turo mata. Duk abin da Yemima ke ci a yau daga wannan karyayyar kwamfuta ya fito, ita kuwa ba mai manta alheri ba ce.

Don haka da ta ga Ɗan Aike na tsallake tarko bayan tarko, daɗi ya cika ta kamar ɗanta ne ke zana jarrabawa. Ta ba shi talatin ga Fabrairu, ya ce mata cikin ladabi babu wannan rana. Ta saka masa mutum biyu masu suna ɗaya, ya tambayi wanne take nufi. Ta yanke intanet yana tsakiyar aiki, da ta mayar ya ɗora daga inda ya tsaya bai maimaita ba. Saura sashe ɗaya ta rufe rahoton, sashen da ke tambaya ko akwai tunatarwar da ta makara ko ta ɓace a lokacin gwaji. A nan hannunta ya tsaya.

Cikin duk tunatarwar ƙarya da ta ɗura masa, akwai guda ɗaya ta gaske. Ranar da ta fara gwajin, Litinin ɗin da ta wuce, ta rubuta masa ya riƙa tuna mata kullum da safe ta kira Baba ya sha magani. Mahaifinta, Baba Azariya, na zaune a Manchok shi kaɗai tun rasuwar mamanta. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi rayuwarsa agogo a hannu, amma ƙwayar hawan jini guda ɗaya ta fi ƙarfinsa. Zai ce sai ya sha shayi, in ya sha ya ce bari ya leƙa gonar citta, daga gona kuma magana ta zama sai gobe. Duk makon wayarta na ƙara da safe, ta kira shi, ba ta ajiyewa sai ta ji ya haɗiye.

Jiya Lahadi wayar ba ta yi ƙara ba. Ita kuma da ta riga ta sallama wa na'ura wannan aiki, ta yi shirin coci a gurguje, ta tsaya cikin mawaƙa, daga sujada aka zarce bikin godiyar wata ƙawarta, Baba bai faɗo mata a rai ba. Sai da yamma maƙwabciyarsa ta kira, wai jiri ya ɗebe shi a harabar coci an zaunar da shi, nas ta auna ta ga jinin ya hau, an ba shi magani ya kwanta. Ya warware, amma Yemima ta zagi kanta har ta gaji, ta koma zagin kamfanin waya, domin da safen nan saƙo biyu suka shigo mata a jere, ta ɗauka netwok ne ya riƙe na jiya.

Yanzu sai ta yi abin da ya kamata ta yi tun da gari ya waye. Ta tambayi Ɗan Aike kai tsaye me ya hana tunatarwar jiya zuwa jiya. Bai yi mata kwana-kwana ba. Ya ce an tsara shi kada ya dami kowa ranar Lahadi, shi ya sa ya ɗage ta zuwa safiyar Litinin.

Ta gyara zama ta shiga gwada shi ta wannan gefen da ba ta taɓa tunanin taɓawa ba. Ta saka magani ranar Juma'a da azahar, ya matsar da shi sai bayan an sauko daga masallaci. Ta gwada ranar Kirsimeti, ta gwada ranar Sallah, duk ya tura su washegari. Kuma ko sau ɗaya bai tambaya ba, bai sanar ba. Abin da ke neman izini kafin ya goge tunatarwar banza, shi ne ke ɗage maganin tsoho ba sallama, domin an koya masa wannan ladabi ne.

Zuciya dai ba ta rasa shawara, nan da nan ta kawo wa Yemima mai sauƙi. Ta kira Jamil a ɓoye ya cire abin, ita kuma ta rubuta cewa komai lafiya. Wa zai sani? Ta ɗauki wayar har ta lalubo sunansa, sannan ta ajiye. In ya gyara, abin da zai miƙa wa Madam Patricia ba shi ne wanda ta gwada ba, kuma ba ta san irin wannan ladabi nawa ya binne a ciki ba. Ta tuna tsofaffin ƙungiyar, waɗanda ba kowannensu ke da maƙwabciya mai lambar 'yarsa ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta rubuta. Ba ta rage masa ko ɗaya daga cikin yabon da ya cancanta ba, ta jera su duka, sannan ta faɗi abin da ta gano, ta rufe da cewa bai kamata a ba marasa lafiya shi yadda yake ba. Da ta karanta layin ƙarshe sai ta ji kamar ta ɗaga hannu ta mari wanda ya ciyar da ita. Ba ta aika ba. Ta cusa kwamfutar a leda, ta ɗauki lema, ta fita ta tsayar da keke.

Ta same shi a shago ya duƙufa kan wata waya da ya buɗe cikinta, tabarau a kan hanci, mai wayar na zaune a benci yana jira. Yana ganinta ya fara tsokana, wai malama mai jarrabawa ta iso, ɗalibin ya ci ko sai ya maimaita aji? Ta yi ƙoƙarin dariya abin ya ƙi. Ta tambayi lafiyar Hajiya mahaifiyarsa, ya ce tana rumfa, sannan ta buɗe kwamfutar ta juya masa allon.

Ya karanta a tsaye, a hankali. Ta ga fara'arsa na ƙaruwa a wajen yabo, ta kuma ga inda ta tsaya cak.

“Wannan ba kuskure ba ne,” in ji shi. “Ni na saka da hannuna.”

“Na sani. Shi ya sa na zo da kaina, ban so ka ji a bakin Madam ba.”

Ya cire tabaraun ya rage murya saboda mutumin da ke benci. “Yemima, a garin nan muke fa. Ki ƙaddara Fasto na tsakiyar wa'azi, wayoyin tsofaffi su ɗauki ƙara lokaci guda, a tambaya a ce ai na'urar Jamiluddeen ce. Me kike jin za a ce? Ko liman na huɗuba a ce ƙungiyar Madam Patricia ce ke turo saƙo. Don a zauna lafiya na yi.”

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne gaskiya ya faɗa. Ita ma 'yar garin ce, ta san yadda ƙaramar magana ke kumbura a nan kafin a ankara, ta kuma san yadda mutanen kirki na kowane ɓangare suka koyi taka-tsantsan da ranakun ibadar juna. Bai yi don ganganci ba. Ya zauna ne ya yi tunanin cocinsu, ya girmama shi fiye da yadda aka roƙe shi, garin neman gira aka kusa rasa ido.

Ya ce ta ba shi zuwa gobe, layi kaɗan ne zai cire.

“In ka cire ya zama wani abu dabam, ba shi na yi testin ba,” ta ce. “Ba zan sa hannu na a kan abin da ban gwada ba, Jamil. Yau Madam yana jira, yau zan tura.”

Ya dube ta. “Ni fa na ba da sunanki.”

“Ban manta ba. Ko ɗaya ban manta ba.”

Akwai abin da ba ta saka a rahoton ba, domin ba ta so a ce ta kawo maganar gida cikin aiki, amma shi ba ta iya ɓoye masa. Ta gaya masa tunatarwar da aka ɗage jiya ta gaske ce, ta Baba ce, ta kuma gaya masa abin da ya faru a harabar coci.

Jamiluddeen ya zauna a kan kujerar da ke bayansa kamar an tura shi. Ya yi salati a hankali. Ya tambayi yaya jikin nasa yanzu, ta ce da sauƙi. Ya sake tambaya ko ta gan shi da idonta, ta ce a'a, ta waya suka yi magana. Bai ce ta aika ba, bai ce kada ta aika ba. Ta juyo da kwamfutar gabanta, yana kallo, ta danna. Rahoton ya tafi.

Ya miƙe ya ba mai wayar haƙuri ya ce ya dawo gobe, ya tattara kayan aikinsa a kwali, ya jawo ƙofar shago. Ta ɗauka korarta yake yi cikin mutunci, har ta fara mayar da kwamfutar leda, sai ya ce ta tashi su je Manchok, ba a jin dattijo ya faɗi a gaishe shi ta waya.

A tasha ya sayi ayaba da lemu. Suka samu bas ta kusa cika, shi ya zauna a bakin taga, ita a gefe, tsakaninsu wata mata da kwandon tattasai a cinya. Ruwan ya tsagaita, hadari na zaune a kan dutsen Kagoro, gonaki kore shar hagu da dama. Sun wuce Kagoro kaɗan wayarta ta yi ƙara. Saƙon Madam Patricia ne, ta yi godiya ƙwarai, ta ce a wannan zagayen za su ɗauki na Kaduna, in an gyara na Jamiluddeen an sake gwadawa wataƙila su duba nan gaba. Yemima ta miƙa masa wayar ta saman kwandon tattasai. Ya karanta ya mayar mata, ya juya yana kallon waje. Watanni ya kwashe yana haɗa abin nan tsakanin gyaran waya da gyaran waya, ta sani, domin a gabanta aka yi. Har suka sauka ba ta san ko tana da sauran malami ba.

Sun tarar da Baba Azariya a baranda cikin rigar sanyi, rediyo a gefensa, yana ɓare gyaɗa a faranti kamar ba shi aka kwantar jiya ba. Yemima ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara yi masa faɗan fitowa cikin sanyi, ya ce ta bari baƙo ya zauna tukuna. Da ta ce wannan shi ne Jamiluddeen da take ba shi labari, sai tsohon ya yunƙura ya tashi tsaye duk da hanawar da suka yi, ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki.

“Ɗana, kai ne ka yi abin da yana sa yarinyan nan ya kira ni kowane safe?”

Jamiluddeen ya rusuna ya ce shi ne, Baba, kuma a kan haka ma ya zo.

“Tun da maman shi ya tafi wurin Ubangiji, sai in yi sati biyu ban ji muryan shi ba. Aiki, aiki. Ban ce komai ba, ai yana nema ne. Amma satin nan kowane safe waya na yana kuka, yana mani faɗa kamar uwan shi. Ubangiji ya sa maka albarka, ya sa wa gidanku albarka.”

Yemima ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, domin ba ta taɓa lissafa tsawon shirun da take yi ba, shi kuwa ashe yana lissafawa. Tare da kunyar kuma wata godiya ta taso mata ga Allah da ya tashi kafaɗar tsohon nan, ga mutumin da ke durƙushe a gabansa yana karɓar albarka a ranar da ta hana shi aikin da ya sa rai.

Jamiluddeen bai yarda ya karɓi albarkar a kan ɓoye ba. Ya ce, “Baba, jiya ni na hana ta kiranka. Ni na ce wa na'urar ta huta ranar Lahadi, don kada ta dame ku a coci.”

Tsohon ya saki hannunsa ya dube shi da kyau, ya ga da gaske yake, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi Yemima ta shiga bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce ashe abin na kiyaye ranar Ubangiji, lallai ya fi wasu dattawan cocinsu. Ya share hawayen dariya da hannun riga, ya nuna Jamiluddeen da yatsa.

“Amma ka gaya masa, ɗana, hawan jini ba ya zuwa coci.”

A nan Jamiluddeen ya yi dariyar farko tun da ta juya masa allo a shago. Ya ce zai gaya masa, har masallaci ma ba ya zuwa. Sannan ya waiwayo ya dubi Yemima, ya ce in ya gama gyara ita zai sake kawo wa, kuma kada ta kuskura ta tausaya masa.

Ta ce to. Sai ta ce bari ta kawo wa baƙo ruwa, ta shige ciki kafin su ga fuskarta. Tana tsaye a gindin randa da kofi a hannu ta jiyo Baba ya rage murya, yana tambayar Jamiluddeen ko abin nasa zai iya tuna mata da yamma ma.